Aure Ba Ya Ba Da Fasfo: Batun Baƙin Da Ke Auren Matan Tailan

Baƙon da ya zauna a Tailan har ya yi aure a can, ko Bature ne ɗan fansho da ya gina gida a wani ƙauye na lardin Udon Thani, ko ɗan kasuwa ne daga Afirka ta Yamma mai sarin tufafi a Pratunam ta birnin Bangkok, ko mai kai duwatsu masu daraja kasuwar Chanthaburi, duk ranar da tafiya ta taso masa da iyali tambayarsa ɗaya ce: ta ina zan bi in yi wa matata fasfo? Tambaya ce ta mai kula da iyalinsa, sai dai a karkace take tun daga tushe, domin ta ɗauki fasfo a matsayin abin da miji ke nemo wa mata. Fasfo biyu ne a cikin maganar, kuma babu ko ɗaya da ke hannun mijin. Na Tailan haƙƙinta ne tun kafin ta san shi a duniya. Na ƙasarsa kuwa igiyar aure kaɗai ba ta jawo shi. A ganina, raba aure da zama ɗan ƙasa da dokokin zamani suka yi daidai ne, kuma miji mai hangen nesa shi ya kamata ya fi kowa dagewa matarsa ta ci gaba da riƙe takardunta na Tailan, ba su mutu ba, da sunan da ta zaɓa, a hannunta, ko da wata rana ta samu na ƙasarsa.

A fara da na Tailan, domin shi ne mai sauƙi, kuma sauƙin nasa yakan ba baƙi mamaki. Sashen kula da harkokin 'yan ƙasa na Ma'aikatar Harkokin Waje ke bayar da shi. Babban ofishinsa yana kan titin Chaeng Watthana a Bangkok, yana da rassa a larduna, wasunsu ma a cikin manyan shagunan zamani suke. Tun 2005 ƙasar ta koma fasfo mai na'ura a jikinsa. Mai shekara biyar baht 1,000 ne a kuɗin ƙasar, kuma daga 2021 aka fito da mai shekara goma a kan baht 1,500 ga wanda ya kai shekara 20. Abin da baliga za ta riƙo shi ne katinta na shaidar ɗan ƙasa mai lambobi 13, da tsohon fasfo idan tana da shi. Dole ita da kanta ta je, saboda za a ɗauki hoton fuskarta da zanen yatsunta da ƙwayar idonta, sannan cikin 'yan kwanaki littafin ya fito, ta karɓa ko a aiko mata ta gidan waya. Ba a neman wasiƙar izinin miji, ba a neman sa hannunsa, ba a duba asusunsa na banki, ba a tambayar ɗan wace ƙasa ne. Idan a waje suke zaune, ofishin jakadancin Tailan ke yin aikin, kuma akwai ɗaya a Abuja. Iyakar abin da mijin zai iya yi a wannan rana shi ne ya raka ta ya biya kuɗin mota.

Wannan sauƙi yana da tushe. Ya taso ne daga rajistar jama'a da ƙasar ta daɗe tana ginawa: ana ba jariri lambarsa tun lokacin rajistar haihuwa, a sa sunansa a littafin gida, wanda kowane gida ke da nasa, ya karɓi kati tun yana shekara bakwai, kuma lambar nan ita ke bin sa makaranta da asibiti da banki da rumfar zaɓe. Ofishin fasfo ba ya binciken asalin mutum, kwamfuta yake tambaya. Shi ya sa wanda ba ya cikin rajistar ya shiga uku. A tsaunukan arewa da kan iyakar Myanmar akwai dubban ɗaruruwan mutane da aka haifa a Tailan amma ba su da ƙasa a takarda. Duniya ta farga da su a 2018, lokacin da aka ceto yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu daga kogon Tham Luang a lardin Chiang Rai, sai ga shi kocin da uku daga cikin yaran ba su da shaidar zama 'yan ƙasa; a watan Agusta na shekarar aka ba su. A Oktoban 2024 majalisar ministoci ta amince da hanzarta daidaita matsayin mutum kusan 483,000 masu irin wannan matsala. Baƙon da ya auri mace daga cikinsu zai gane da wuri cewa kuɗinsa da fasfonsa ba sa buɗe mata ƙofar da rajista ta rufe. Tsakaninta da ƙasarta maganar take, kuma a ofishin gunduma ake warware ta.

Inda mijin ke da aiki na gaske shi ne rajistar aure, kuma nan ne da yawa ke sakaci. A dokar farar hula ta Tailan, aure bai zama aure ba sai an rubuta shi a ofishin gunduma. A kai dukiyar aure a baje a gaban dangi, a gayyato malaman addinin Buda su yi addu'a, ko liman ya ɗaura da waliyyi da shaidu, duk wannan yana da matsayinsa a wurin jama'a da kuma wurin Allah ga mai imani, amma a idon hukuma mutanen nan biyu ba su da alaƙa. Kafin gunduma ta rubuta, baƙo sai ya kawo takardar rantsuwa daga ofishin jakadancin ƙasarsa cewa babu abin da ya hana shi aure, a fassara ta zuwa harshen ƙasar, sashen nan na Ma'aikatar Harkokin Waje ya buga mata hatimi. Ga abin da ya shafi yawancin masu karanta wannan shafi: tun 1935 dokar Tailan mace ɗaya ta sani. An keɓe larduna huɗu na kudu, Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, inda wata doka ta 1946 ta ba da damar amfani da shari'ar Musulunci tsakanin Musulmi a kan aure da gado. A Bangkok da Chanthaburi babu wannan rangwame. Magidancin da ya baro uwargida a gida, idan ya faɗi gaskiya ba za a yi masa rajista ba, idan ya rantse cewa shi gwauro ne ya yi ƙarya a takardar hukuma, kuma auren da aka ɗora a kan wani auren ɓatacce ne a dokar.

Saboda haka wasu kan tsaya a ɗaurin liman, su ce ai ya isa. Ya isa ga halacci, bai isa ga abin da zai biyo baya ba. Ɗan da aka haifa ba tare da rajistar aure ba, doka ta mai da shi ɗan uwarsa, ita kaɗai ke da iko a kansa, ko da sunan uban na cikin takardar haihuwa, har sai uban ya bi hanyar tabbatar da ubanci, ko dai ta auren uwar a hukumance, ko ta rajista a gunduma, ko ta hukuncin kotu. Babu bizar zama ta aure. Babu gado ta hanyar aure idan ɗaya ya rasu. Ofisoshin jakadancin ƙasashen waje su ma takardar gunduma suke son gani. Mutumin da ke ta kai da komo yana neman yadda zai yi wa mata fasfo alhali bai rubuta aurensa ba, ya bar aikin da yake nasa ya kama wanda ba nasa ba. Wanda kuma yanayinsa bai bar shi ya yi rajista ba, adalci shi ne ya gaya wa matar da iyayenta haka tun kafin a sa rana, su san irin auren da suke bayarwa.

Sai batun suna, wanda maza da yawa ke ɗauka da zafi. Akan samu mijin da ke son ganin sunan gidansu a shafin farko na fasfon matarsa, yana jin ta haka jami'an biza za su yarda matarsa ce. Dokar sunaye ta 1962 ta tilasta wa matar aure ɗaukar sunan dangin miji, amma Kotun Tsarin Mulki ta soke wannan tilas a 2003, aka gyara dokar a 2005, sannan a 2008 aka ba mace zaɓin ci gaba da amfani da laƙabin budurwa ko komawa na matar aure. Yau zaɓi nata ne. Idan ta sauya, sai ta fara daga gunduma, a gyara littafin gida da kati, sannan a yi sabon fasfo, sannan ta bi banki da takardun fili da na makaranta ɗaya bayan ɗaya, kuma tikitin jirgin da aka saya da tsohon suna ya zama matsala. Jami'in biza ba sunan yake dubawa ba, takardar aure yake dubawa. Musulmi ma ba shi da dalilin matsawa, tunda a addini da al'adarmu mace da sunan ubanta ake kiran ta har ta koma ga Mahaliccinta. Wahala ce da ba ta sayo komai sai jin daɗin miji.

Hujja mafi nauyi a kan ta riƙe zamanta na 'yar ƙasa tana wajen fili. Dokar filaye ta 1954 ta hana baƙo mallakar ƙasa a Tailan. Yana iya sayen ɗaki a benayen haɗaka, muddin rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 49 cikin ɗari ba, amma fili da gona sai ɗan ƙasa. Kafin 1999 har matan da suka auri baƙi sun sha fama da wannan hani a ofisoshin filaye, domin ana ganin miji ne zai mallaka ta bayan gida. A shekarar ne Ma'aikatar Cikin Gida ta buɗe hanya, bisa sharaɗin ma'auratan su sa hannu cewa kuɗin sayen dukiyar matar ce ita kaɗai, mijin ba shi da rabo. Wani zai ce, to wannan ai zalunci ne: ya kwashe abin da ya tara a rayuwarsa ya gina gida, ya kuma rattaba hannu cewa ba nasa ba ne. Akwai gaskiya a ƙorafin, kuma an ga maza da suka fita daga irin wannan aure da jakar kayansu kawai. Amma a dubi inda ƙorafin ya nufa. Idan fili ba ya zama sai da sunan ɗan ƙasa, to zamanta 'yar ƙasa shi ne kadarar da ta fi kowace daraja a gidan. Ranar da ta ajiye shi, su biyun sun zama baƙi, har a kan gonar da ta gada daga iyayenta. Haka ma tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa da aka kafa a 2002, wanda ake kira na baht 30, da lambar katin nan ake shiga shi. Wanda ke tsoron asara ya nemi lauya a rubuta masa haƙƙin zama ko na haya a kan filin, doka ta tanadi waɗannan. Raunana matsayin matar ba ya ƙara masa komai.

A koma ga fasfo na biyu, na ƙasar mijin, inda mafarki ya fi yawa. Tunanin cewa mace tana bin ƙasar mijinta ba daga sama ya faɗo ba, doka ce a da. A Amurka, dokar 1907 ta sa Ba'amurkiyar da ta auri baƙo ta rasa ƙasarta nan take, sai a 1922 aka fara warware wannan. A Birtaniya, matar ɗan ƙasa tana da damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa har zuwa farkon 1983, lokacin da sabuwar doka ta fara aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a 1957 a kan ƙasar matar aure, sannan yarjejeniyar 1979 ta kawar da wariya ga mata ta nanata cewa aure ko sauyin ƙasar miji kada ya sauya wa mace ƙasa kai tsaye. Tailan da Nijeriya duk sun shiga ta 1979 ɗin a 1985. Abin da ake yawan mantawa shi ne tsohon tsarin fuska biyu gare shi. Dokar da ke ba mace ƙasar miji ranar aure, irinta ce ke ƙwace mata tata a ranar, kuma idan auren ya mutu sai ta tsinci kanta ba nan ba can.

Yau Baturen Ingila da ya shekara ashirin a garin Pattaya na Tailan da matarsa ba zai iya samo mata fasfon Birtaniya daga can ba, domin zaman da ake ƙirgawa zama ne a cikin Birtaniya. Sai ta nemi bizar iyali, shi kuma ya nuna kuɗin shiga na shekara, wanda aka sa fam 18,600 a 2012 aka ɗaga zuwa fam 29,000 a Afrilun 2024, ta shekara biyar a wannan matsayi kafin zaman dindindin, ta ci jarrabawar Turanci da ta sanin ƙasa, sannan ta nemi zama 'yar ƙasa. A Amurka sai ta riƙe katin zama na shekara uku tana tare da mijin. Masu sukar wannan tsari suna cewa yana raba iyali, yana hukunta talaka a kan talaucinsa. A kan ma'aunin kuɗin ina tare da su: ɗan fansho mai ƙaramin ƙarfi yana iya rasa damar komawa ƙasarsa da matar da ta yi jinyarsa shekara da shekaru, wannan kuwa abin kunya ne ga ƙasa mai arziki. Amma maganin wannan shi ne a sassauta izinin zama tare. Abin da iyali ke buƙata shi ne kada a raba su. Zama ɗan ƙasa wani alkawari ne daban, tsakanin mutum da al'umma, kuma ya dace a ce ita ta nema, da bakinta, bayan ta zauna ta ga wurin.

Ga ɗan Nijeriya hanyar ta fi gajarta. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba macen da ta auri ɗan Nijeriya damar neman rajista, idan an gamsu da halinta, ta nuna niyyar zama a ƙasar, ta yi rantsuwar biyayya. Nema ne, ta Ma'aikatar Cikin Gida, kuma amincewa ta shugaban ƙasa ce, ba ya zuwa tare da goron ɗaurin aure. Sashe na 28 bai tilasta mata barin ƙasar da ta samu ta haihuwa ba. A ɓangaren Tailan, dokar zama ɗan ƙasa ta 1965 ta bar wa matar baƙo zaɓi, sai idan ita ta so ta bayyana cewa ta bari, kuma tsarin mulkin 2017 ya hana a ƙwace ƙasa daga wanda ya same ta ta haihuwa. Ke nan babu abin da ya hana ta riƙe biyu. Duniya ma can ta nufa: Denmak ta yarda da ƙasa biyu a 2015, Norwe a 2020, Jamus a 2024, ko da yake irin su Japan na nan a kan bakansu. Duk wanda ya ce wa matarsa ta bar fasfonta na Tailan ya mutu tunda yanzu ta zama tamu, ya jawo mata asarar da babu dokar da ta nema.

Akwai ƙorafin da ba a cika faɗa a fili ba, kuma shi ne ainihin abin da ke zuciyar wasu mazan: idan fasfonta na hannunta, me zai hana wata rana ta kwashe yara ta hau jirgi? Daga nan sai a fake da cewa maigida ke ajiye takardun gida. Ajiya da yardar mai abu daban, riƙewa don kada ta motsa daban. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa ƙwace takardun shaida cikin alamomin aikin tilas, kuma mijin da ya yi wa matarsa haka a ƙasar da ba ta jin harshenta, ba ta da dangi, ya sa kansa a sahun da ba zai so a ambace shi a ciki ba. Dabarar ma ba ta aiki, domin ofishin jakadancin ƙasarta zai iya ba ta takardar komawa gida ba tare da ya sani ba. A ƙasar Hausa mun san mace tana aure amma gidan ubanta na nan, can take zuwa wankan jego, can take zuwa idan ta yi yaji har a biyo sawu a sasanta, kuma sanin cewa ƙofar nan a buɗe take yana cikin abin da ke sa miji ya kama kansa. Ga macen da aka kai wata nahiya, fasfonta shi ne wannan ƙofa. Game da yara kuwa, kariyar uba tana cikin rajistar nan da aka raina: idan auren a rubuce yake, yaron da bai kai shekara 20 ba ba a yi masa fasfon Tailan sai da amincewar iyaye biyu, idan kuwa ba a rubuce yake ba, sa hannun uwa ya wadatar. Tailan ta shiga yarjejeniyar Hague ta 1980 a kan sace yara zuwa ƙetare tun 2002, amma Nijeriya ba ta ciki, saboda haka uba ɗan Nijeriya ba shi da wannan hanya, abin da zai dogara da shi shi ne matsayinsa a dokar Tailan.

Su yaran nasu lamarin a bayyane yake. Tun gyaran 1992 ɗan da uwarsa 'yar Tailan ce ɗan ƙasa ne, ko a ina aka haife shi, ko wane ne ubansa, kuma sashe na 25 na tsarin mulkin Nijeriya ya ba shi Nijeriya ta wajen uba. Mai fasfo biyu da na Tailan ya kamata ya shiga ƙasar ya kuma fita da shi, in ba haka ba a ɗauke shi baƙo mai ƙayyadajjen zama. Namiji kuma ya san da cewa a shekara 21 akwai ƙuri'ar aikin soja da ake yi duk watan Afrilu, jan kati a tafi bariki, baƙin kati a koma gida.

Abin da ya fi ba ni dariya a cikin tambayar da mazan ke yi shi ne, a cikin Tailan, mijin ne ke rataye a jikin takardun matar. Izinin zamansa na aure shekara-shekara ake sabunta shi, a kan baht 1,900. Sai ya nuna baht 400,000 da suka yi wata biyu a bankin ƙasar da sunansa, ko kuɗin shiga baht 40,000 a wata. Sai ya kai rahoton inda yake duk kwana 90. Ranar sabuntawa matar za ta zo da katinta da littafin gidansu da takardar aure, a haɗa da hotunansu a gida da taswirar hanyar zuwa, wani lokaci ma jami'an shige da fice su kawo ziyara su tambayi maƙwabta. Wanda ya wuce wa'adin zamansa tarar baht 500 ce a kowace rana, har zuwa 20,000. Idan auren ya mutu, dalilin zamansa ya tafi, sai ya nemi wani, kamar kula da ɗansa ɗan ƙasa. Baƙuwar da ta auri namiji ɗan Tailan ba a neman ta nuna waɗancan kuɗaɗe, kuma sashe na 9 na dokar 1965 ya ba ta hanya ta musamman ta neman zama 'yar ƙasa. Sai a 2008 aka sassauta wa mazan da suka auri 'yan Tailan, aka ɗauke musu sharaɗin zaman shekara biyar da na iya harshe, amma har yanzu ana son a ga sana'a da biyan haraji a ƙasar, abin da ya bar ɗan fansho a waje komai daɗewarsa.

A nan ne ragowar tsohon tunani ke bayyana, kuma ba Tailan kaɗai ba. Sashe na 26 na Nijeriya mace ya ambata, bai ambaci mijin 'yar Nijeriya ba. Shi sai ya bi sashe na 27, mai neman zaman shekara 15. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin gyara wannan, tare da wasu ƙudurori na mata, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. Jamhuriyar Nijar ta riga ta gyara nata tun 2014, ta ba mace damar ba mijinta ƙasa, ta kuma yarda da riƙe ƙasa biyu. Hujjar masu adawa ita ce baƙi za su riƙa auren mata don takarda. Auren takarda gaskiya ne yana faruwa, amma ba shi da jinsi: namiji ma ana iya biyan sa ya auri baƙuwa, kuma ba a taɓa rufe ƙofar sashe na 26 saboda haka ba. Abin da ke tace na ƙarya daga na gaskiya shi ne shekarun zama tare da bincike, irin wanda jami'an Tailan ke yi idan sun ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, kuma ana iya ɗora wannan a kan kowa daidai wa daida. Kamar yadda dokokin ƙasashen biyu suke a yau, ɗan Kano da ya auri 'yar Bangkok zai iya ganin matarsa ta yi rajista a Nijeriya tana riƙe da Tailan ɗinta, ƙanwarsa da ta auri ɗan Bangkok za ta iya neman Tailan ta sashe na 9, amma mijin ƙanwar, idan suka zaɓi zama a Kano, sai ya ƙirga shekara 15 kafin a saurari buƙatarsa.